Ɗari bisa ɗari, in ji ni

Oga ne ya ce in kawo masa lissafin tsawon lokacin da sabarmu, wato babbar kwamfutar da aikinmu ke kanta, ta yi tana aiki a watan jiya, wai kwastoma na neman 99.9%, wato a kwana 30 kusan minti 43 kacal aka yarda ta faɗi. Na buɗe Prometheus, manhajar da ke leƙa sabar tana rubuta 1 in tana aiki, 0 in ta faɗi, na buga avg_over_time(up[30d]), wato ya fitar min da matsakaicin kwana 30, ya ba ni 1, ɗari bisa ɗari kenan, na jefa a Grafana mai zana hoton lissafi na yi masa kore shar, na tafi cin shinkafa da wake abina.

Ranar mitin har da sabuwar shadda na sa. Aka kunna majigi na miƙe na gyara hula na ce, "Ranka ya daɗe, ɗari bisa ɗari, ko gezau ba ta yi ba." Oga na gyaɗa kai har ya fara murmushi, sai mutuminku na akawu, kun san shi, ya yi gyaran murya irin tasa mai tsawo ɗin nan, ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar, sannan ya ce, "Injiniya, Talatar nan da muka zauna muna kallon juna tun azahar har bayan la'asar ba a buga rasit ko ɗaya ba, ita a wane wata take?"

Wallahi ɗakin ya yi tsit. Ƴar hidimar ƙasar nan ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Oga ya ce in matso da hoton kan Talata, hannuna na ɓari na matso, sai ga layi ya taho tiryan-tiryan ya yanke, fili fetal, can gaba ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Oga ya nuna da biro ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Giɓi ne ranka ya daɗe." Ya ce, "Na ga giɓi ne."

Ashe da aka ɗauke wuta inbata ta mutu, Prometheus ɗin da sabar a soket ɗaya suke, tare suka sheƙa. Shi kuma Prometheus sai yana raye ya leƙa sabar bai samu amsa ba yake rubuta 0, in shi ma ya mutu ba ya rubuta komai, avg_over_time kuwa abin da ya tarar kawai yake rabawa. Maigadi ne ya yi barci ya farka ya ce lafiya lau aka kwana.

Amma ku tsaya, waye ya danne takardar kuɗin batiran inbatar tun kafin azumi? Shi ɗin dai, akawun. Kullum "ana dubawa". Mutumin da ko shayi aka sayo sai ya tambayi rasit, ya ari cajata tun bara ya mayar da ita gado, shi ne yau mai kishin sabar. Da ya sa hannu ai da Talatar ba ta faru ba balle ya samu abin goge tabarau.

Yanzu dai count_over_time nake haɗawa, mai ƙirga sau nawa Prometheus ya leƙa, tunda duk daƙiƙa 15 yake leƙawa dole in ga 5760 a rana, in sun gaza na san an yi barci. Na kuma rubuta a sayo wa Prometheus ɗin ƙaramar na'ura da batirinta daban. Takardar na teburin akawun. Jiya ma na hango cajar a jikin wayarsa, da ya ga ina kallo sai ya ɗora fayil a kai.