Gemun Auduga a Agege

Ranar da 'yata ta biyu ta shigo shago da takarda a hannu, ina kan keke ina kalmasa bakin wata riga. Ta tsaya har na ɗaga ƙafa, sannan ta ce, "Baba, hannu za ka sa min." Takardar ta wata ƙungiyar matasa ce ta unguwarmu a nan Agege, masu shirya wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a dogon hutu: sati shida na bita, sai a yi wasan kwana biyu a zauren wata makaranta. Ban kai ƙarshen takardar ba na ninke ta na sa a ƙarƙashin almakashi, na ce ta je zan duba.

Shekarata goma sha tara a Ikko, amma kunnena har yau na Yakasai ne. Da na ji wasa, na ji waƙa, ga kuma 'ya mace mai shekara goma sha uku, abin da ya fara faɗo min shi ne bakin mutane. Zangon Agege ba ya riƙe labari. Abin da aka yi da hantsi, kafin la'asar ya isa Idi-Araba, kafin isha an ji shi a Kano. Har na fara jin muryar Yayana a waya yana cewa na kai yarinya Kurmi na mai da ta 'yar rawa.

Bayan kwana uku sai ga mai jagorantar yaran da kanta, Bayarabiya, malamar firamare. Ba ta tayar da zancen 'yata ba. Ɗinki ta kawo, kayan yara talatin da biyu, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba, don karo-karo iyaye suka yi. Ta ce sai dai in je can in auna su. Na rataya tef a wuya, na ɗauki alli da littafin awo, na bi ta.

An ture bencina jikin bango. A bakin ƙofa iyaye mata biyu na zaune da littafi, duk yaron da ya shigo a rubuta lokacinsa, wanda zai fita a tambaye shi ina za shi. Ashe juyi suke yi, kowace uwa da ranarta. Wani yaro siriri da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba aka sa yana maimaita baiti guda. Ina awo ina ƙirgawa, sau tara, kullum ya kusa ƙarshe sai numfashinsa ya yanke. Malamar ta kama hannunsa ta ɗora masa a ciki, ta ce daga nan ake ɗauko murya. A na goma ya kai, 'yan amshi suka karɓe, mai gangan, gangar nan ta Yarabawa, ya faɗo daidai wurin, na ji tsigar jikina ta tashi har sai da na sake auna kafaɗar yaron da ke gabana. Ƙarfe huɗu aka tsaya, Musulmin cikinsu, waɗanda sun kai rabi, suka fita alwala. Wata yarinya ta makara da minti ashirin. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu, an dai ba wata wurinta na ranar, ta zauna a gefe tana kallo tana share hawaye. Duk zuwan da na yi bayan nan, ita nake tararwa tana share zauren kafin kowa ya iso.

A daren na sa hannu.

Labarin wasan na wani gidan haya ne irin na nan, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya, ƙabila biyar. Sun sa Bahaushe a ciki, kuma kun san wanda suka sa: mai gadi da sanda da rediyo, yana kwaɓa Turanci ana dariya. Na ce wa malamar wannan bai yi min ba. Ta ce iyakar abin da ta sani ke nan, in ina da wanda ya fi shi in kawo. Maganar ta tsaya min a rai, don gaskiya ta faɗa. Mun daɗe muna ƙorafi kan yadda ake nuna mu, amma ranar da ake zama a rubuta labarin ba a ganin ko ɗayanmu a ɗakin.

Sai na tuna tashe. Na haɗa gemu da auduga da zaren roba, na ɗinka 'yar shara da ragowar yadi, na cusa tsumma a baya ya zama doro, na nemo sanda, na koya musu Tsoho da Gemu. Ba su yi minti goma ba suka riƙe amshin. Yaron da ya fito a tsohon ɗan ƙabilar Ibo ne, kuma wallahi da za ka ga yadda yake karkarwa yana dogara sanda, sai ka rantse a Kurmi ta Kano aka haife shi.

A wurin nan ne tunanina ya juya. Me ke cikin zauren nan da ba mu da shi? Mai ba da waƙa da 'yan amshi, shiga ta musamman, kwaikwayon halin mutane, kiɗa, da darasi a ƙarshe: tashe ke nan ba ragi. Daga goma ga azumi muke fita bayan shan ruwa, wannan ƙungiya na Jatau Mai Magani, waccan na Ka Yi Rawa, 'yan mata na Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman aure tun ba su san shi ba, Nalako kuma na bin gwauraye. Ga gaɗa a dandali daren farin wata, ga wasan gauta na matan fada, ga kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida. Ko gangan ɗin da ke ta magana a zauren, ɗan'uwan kalangu ne, a hammata ake matse su duka biyun.

Abin da ya bambanta mu da su shi ne matan nan biyu na bakin ƙofa. Mu a wurinmu wasan yara na yara ne. Babba iyakarsa ya leƙo daga zaure, ya yi dariya, ya ba da hatsi ko 'yan kwabbai. Hakan ya yi aiki lokacin da unguwa take unguwa, kowane dattijo ya san ɗan gidan wane ne wannan, kuma yana da ikon tsawata masa. Gari ya buɗe, aka daina sanin juna, bango ya tsage, 'yan daba suka fake da tashe suna ƙwace da sara. A 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha hana tashe a Kano, kuma ban ga laifinsu ba, don rai ya fi wasa. Abin da ke damuna shi ne bayan hanin ba wanda ya ce to ga fili, ga fitila, ga manya biyu, ku zo nan ku yi. An rufe ƙofa an tafi.

Legas kuwa ta daɗe da mai da abin sana'a mai tsani. Tun shekarun 1940 Hubert Ogunde ya kafa ƙungiyarsa yana yawo da ita gari-gari, wasa da waƙa da rawa a haɗe. An gina babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu a 1976, aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a cikinsa a 1977. A Bariga, unguwar talakawa irin tamu, ƙungiyar Crown Troupe tana horar da matasa tun 1996. Gwamnatin jiha ta gina gidajen wasa a Oregun da Igando da Epe da Badagry. Yaron da ke maimaita baiti sau tara ya san akwai inda hanyar take kaiwa. Ba ina cewa komai daidai yake ba. Tikitin manyan wasannin da ake yi a tsibirin Legas ya fi ƙarfin tela mai 'ya'ya biyar, ginin Iganmu ma ya yi shekaru a wulaƙance kafin a gyara shi. Amma ni ba gine-ginen ne suka burge ni ba. Zauren makaranta da littafin suna da uwa mai ba da yammacinta ɗaya a sati, waɗannan ba sa buƙatar kasafin kuɗi.

Kuma mu ma mun taɓa kama hanyar. Su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu da muka taso muna kallo a talabijin, wasan kwaikwayo ne ya haife su. Fim ɗin bidiyo na Hausa da ake ƙirgawa a matsayin na farko, a 1990, ƙungiyar wasan daɓe ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai gidan wasa da aka gina da ƙasa, da fasalin gidan Bahaushe. Da kyamara ta zo, ƙungiyoyin suka watse kowa ya bi ta. Daga nan duk muhawararmu ta koma kan fim: aka kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa gina alƙaryar fim a Kofa a 2016. Duk wannan rigimar manya ce. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da Allah ya ba murya da iya kwaikwayo fa, ina za ta? Ba ta daina ba don an ce ta daina. Tana ɗaki da wayar yayarta tana yi wa TikTok, masu kallonta baƙi ne da ba ta sani ba, ba uwa a bakin ƙofa, ba mai cewa tsaya lokacin salla ya yi.

Yayana ya kira, kamar yadda na zata. Ya kawo maganar cakuɗuwar maza da mata, da sutura, da rawa. Ban raina ko ɗaya ba, don ni ma su ne a raina. Na ce, "Yaya, ni na ɗinka mata rigar da hannuna, har ƙasa, da hijabinta. Na gaya wa malamar ba riƙe hannu da namiji, ba rawar girgiza, ta ce ta ji, kuma ta cika. Ran bita ko ina wurin ko uwarta na wurin." Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya kyauta. Bai yarda ba, na sani. Amma sharaɗin nan da na gindaya, don ina ciki ne aka saurare ni. Da na tsaya a shago ina tsaki, da an yi wasan da mai gadinsu da rediyonsa, ita kuma tana gida tana jin haushina.

A gida ma abin ya fi sauƙi in ana so. Makarantun Islamiyya sun saba da ƙasidu da gajeren wasan kwaikwayo ranar sauka ko Mauludi. Matsalar dai sau ɗaya ne a shekara, a shirya cikin kwana uku, a ba yara takarda su haddace su fito suna rawar murya. Da za a ba abin sati shida, mata da malamarsu, maza da malaminsu, a koya musu tsayuwa da numfashi da jiran juna, da an ga abin mamaki.

'Yata dai na ga canji a jikinta. Da, in baƙo ya gaishe ta sai ka matso kafin ka ji amsarta. Yanzu tana amsawa a nutse, murya a buɗe. Abin da ya fi taɓa ni kuma, 'ya'yanmu na nan Hausarsu gauraye take da Yarabanci da buroka, rannan sai ga ta tana tambayata me ake nufi da "tallabe". Da daddare na ji ta a kicin tana matsa wa uwarta sai ta rera mata waƙoƙin gaɗar da suka yi a Ɗambatta, tana rubutawa a bayan littafin lissafi.

Daren farko na wasan, ana tsakiyar fitowa ta uku aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Iyaye suka kunna fitilun wayoyinsu suka ɗaga, yaran suka ci gaba ba lasifika. A cikin wannan hasken tsohon ya fito da gemunsa na auduga. Akwai wasu dattawan zango su biyar da na gayyata, sun zauna can baya kusa da ƙofa, da alama don in abin bai yi musu ba su zame. Da yaran suka ba da waƙar, wani dattijo mai sayar da goro da ya fi shekara arba'in a Agege ya amsa da ƙarfi, "Ya tsufa!" Sauran huɗun suka bi shi. Yarabawan da ke gabansu suka waiwayo, suka ɗauka su ma, har zauren gaba ɗaya ya zama 'yan amshi.

Cikin satin magidanta uku 'yan'uwanmu suka zo shago suna tambayar yaushe za a sake, ɗaya da 'yarsa a hannu. Na je na samu shugaban Islamiyyar da yarana ke zuwa, ya ce in azumi ya kai goma zai ba mu farfajiyar makarantar bayan asham, maza daren farko, mata dare na biyu, da sharaɗin manya biyu su zauna a ƙofa kowane dare har a tashi. Na rubuta sunana a daren farko. Gemun yana cikin durowar kekena, zaren robar ya saki, sai na canza masa wani.