Kwana takwas a Alkahira: wanda bai ci abincin gari ba, bai shiga garin ba

Tun da muka dawo daga Alkahira tambaya ɗaya ake yi mini: kun hau raƙumi a gindin dala? E, mun hau. Amma ba raƙumin ne ya zaunar da ni rubutun nan ba. Wata magana ce ke cina a rai game da yadda da yawa daga cikinmu muke yin tafiya, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Aminaina da muka yi tafiyar tare sun riga sun ji ta daga bakina, kuma sun yarda in kawo ta nan.

Mu huɗu ne, abokai tun sakandare. Shekara guda muka yi muna zuba adashi don wannan hutu. Ɗayanmu ɗan kasuwa ne, ya sha zuwa Masar sarin kaya, saboda haka shi muka sa gaba. Daren da muka sauka ya kai mu wani gida a Madinatu Nasr, ɓangaren da ɗalibai da baƙi 'yan Afirka suka fi yawa, inda wata baiwar Allah ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Tuwon ya yi daɗi, ba ni da ta cewa. Washegari da rana muka koma can. Da dare kuma muka tafi wani katafaren kanti muka ci soyayyar kaza da dankali, irin wadda ake sayarwa a Abuja da Kano. A rana ta biyu da yamma na kasa haƙuri.

Na ce, "Alhaji, don Allah mun biya kuɗin jirgi ne mu zo mu ci abin da muka baro a gida?"

Ya ce, "Malam, ba a yi wa ciki gwaji a ƙasar mutane. In ka kwanta ciwo a nan, wa zai yi jinyarka?"

Maganarsa tana da hujja, zan kuma dawo kanta. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya fito a hirar daga baya: duk zuwan da yake yi, bai taɓa sa ƙafa a masallacin Azhar ba. Otal ya sani, da kasuwa, da ofishin masu aika kaya, da gidan tuwo. Ba shi kaɗai ba ne. Haka da yawanmu muke yi a Alkahira da Istanbul da Dubai. Mu ɗauki garinmu a cikin jaka mu je da shi, mu zauna a cikinsa kwana goma, mu dawo da shi ba mu buɗe ƙofa ba.

Allah ya taimake mu da wani yaro, ɗan yayar ɗayanmu, da ke karatu a Azhar. Da ya ji gardamar sai ya ce, "Kawu, ku ba ni safiya ɗaya kawai. In bai yi muku ba, ni da kaina zan mayar da ku gidan tuwo." Bayan asuba ya zo ya ɗauke mu, muka shiga metro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, shi ne na farko a nahiyar Afirka. Ya tsayar da mu gaban wata 'yar amalanke mai fentin ja da kore a bakin titi. A kanta akwai wata ƙatuwar tukunya mai siririn wuya, an jingine ta a karkace. A cikinta ful yake kwana yana dahuwa a kan 'yar wuta kaɗan. Ful wani babban wake ne, ana zuba masa mai da lemun tsami da gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun, a ci da gurasarsu. Ba kujera, a tsaye ake ci. Kusa da ni direban tasi ne, gefensa wani mai kwat da jakar takardu, can kuma leburori biyu da ƙurar siminti a gira. Kowa hannunsa a cikin ɗan kwanon silba. Wannan gurasa sunanta a wurinsu aish, ma'anarsa rayuwa. Mutanen da suka sa wa burodinsu suna rayuwa sun gaya maka abu mai yawa game da kansu kafin ma ka yi tambaya.

Sai aka miƙo ɗa'amiyya da zafinta. Alhaji ya karɓa yana jujjuya ta, ya gutsura, ya yi shiru, sannan ya ɗago ya ce, "Kai! Ai wannan ƙosai ne." Wake ne aka jiƙa aka niƙa aka soya a mai, sai dai su suna niƙa shi da ganyaye, cikinsa ya fito kore, su barbaɗa riɗi a bayansa. Ya ci biyar.

Daga wannan safiya tafiyarmu ta canza, don duk inda muka juya sai mu ci karo da gida cikin wata riga. Jan abin sha da suke kira karkade, zoɓo ne. Tamar hindi, tsamiya ce. Akwai wani mai ruwan ƙasa da mai shagon ya ce sunansa dom, na kurɓa sai ƙuruciyata ta dawo mini baki: goriba ce, ita dai wadda muke gwaguya a hanyar makaranta, su sun jiƙa ta sun mayar abin sha. Bamiya kuɓewa ce. Mulukiyya, miyar da kowane Bamasare ke alfahari da ita, lalo ne, da yauƙinsa da komai. Rake kuwa matse shi suke yi a inji a gabanka, a miƙo maka kofi da kumfa, a ce ka shanye yanzu kafin ya yi baƙi. Waɗannan tsirrai na ƙasa mai zafi ne, suna fitowa daga bakin Nilu har zuwa gonakinmu, kuma ayarin fatake da na alhazai sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai da komo tsakanin nan da can. Da mun zauna a gidan tuwo, da mun dawo muna cewa abincin Larabawa ba ya ciyuwa, alhali rabin abin da ke tukunyarsu yana bayan ɗakin kakanninmu.

Abin da ba mu da irinsa shi ne kushari, kuma shi na fi kewa. Shinkafa da makaroni da taliya da wani ƙanƙanin wake mai suna adas, a ɗora wani mai kama da gujiya, a kwarara miyar tumatir, a rufe da soyayyar albasa mai ƙaras-ƙaras. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da khal (wani ruwan tsami), ɗaya barkono. Babu nama ko tsoka ɗaya, amma in ka ci da azahar ba za ka nemi komai ba sai dare. Mai zubawa yana buga ludayinsa a bakin tukwane kamar mai kiɗan ƙwarya, tun daga nesa kake jin sa. Abincin talaka ne da mai kuɗi ba ya jin kunyar ci.

Da ciki ya saba da gari sai ƙafa ma ta saba. Muka bar tasi muka koma tafiya a ƙasa. Titin Mu'izz, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, bai fi tafiyar kilomita ɗaya ba, amma wuni guda ya ci mana, domin kowane taku masallaci ne ko makaranta ko tsohon wurin shayar da matafiya ruwa. Muka ratsa Khan Khalili, kasuwar da ke ci tun ƙarni na 14, muka yi azahar a Azhar. An fara gina masallacin nan a 970, zamanin Faɗimiyyawa. Yaron nan ya zaunar da mu a tsakar farfajiyar mai farin dutse yana ba mu labari cewa a da ɗaliban kowace ƙasa suna da ɓangarensu na kwana da karatu da ake kira ruwaƙi, kuma har da ruwaƙin Barnawa. Ya tuna mana cewa a 1324 Mansa Musa ya yada zango a garin nan kan hanyarsa ta Makka. Sannan ya ce, "Kawu, tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a masallatanmu duk azumi, malamai biyun da suka rubuta shi 'yan garin nan ne. Shi Imam Suyuɗi ma har wasiƙar nasiha ya rubuta wa sarkin Katsina da na Agadas, kuma a nan ya rasu a 1505, a nan kabarinsa yake."

Na dubi Alhaji, na ga idonsa ya kawo ruwa. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shekaru ya yi yana zama gaban malami da wannan littafi. Shi kuma ya sha wucewa ta bakin wannan masallaci a cikin tasi, da lissafin kaya a hannu.

Mun ziyarci kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Mun shiga masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, na farko da aka gina a Masar. Amma wurin da na fi so duk cikinsu masallacin Ibn Ɗulun ne, da aka kammala a 879. Fili ne makeke, shiru kamar ba a tsakiyar garin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 20 ba. Matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana nannaɗe da ginin. Muka hau muka zauna a sama har aka kira la'asar, kiran sallar ya tashi daga ɗaruruwan masallatai lokaci guda, wani na bin wani. Babu wanda ya ciro waya a cikinmu.

Dalar Giza kuwa awa biyu muka yi. Abin mamaki ce, babu musu: babbar ta kai mita 146 lokacin da aka gina ta, shekara wajen 4,500 da suka wuce. Ya kamata mutum ya gani. Sai dai a nan ne kaɗai aka cuce mu, mai raƙumi ya faɗi kuɗi ɗaya muna ƙasa, ya faɗi wani muna sama. Kuma hoton nan da kowa ke tambaya, shi ne abin da ya fi kowane ƙarancin gaya mini wani abu game da mutanen Masar na yau.

In koma kan hujjar Alhaji. Gaskiya ne ciki na iya ɓaci a baƙon wuri, kuma ba na cewa a ci duk abin da aka gani. Ƙa'idar da yaron nan ya ba mu ita muka bi: ku ci inda 'yan gari suka yi layi, ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku, ruwa kuma na gora. Cikin kwana shida babu wanda ko kansa ya sara. Ba kuma zan ɓoye cewa garin yana da nasa ɗacin ba. Akwai lungun da yara suka bi mu da kiran suna saboda launin fatarmu, abin ya yi mini zafi har na kwana da shi. Amma a wannan lungun dai wani dattijo mai gyaran takalmi ya tashi ya kore su, ya ja mana benci, ya aika a kawo shayi, ya ƙi karɓar ko sisi. "Nawwartu Masar," in ji shi, wato kun haskaka Masar. Duka biyun Alkahira ce, kuma wanda ke cikin tasi da gilashi a rufe ba zai gamu da ko ɗaya ba.

Akwai wani amfani da ban yi tsammani ba, kuma ga masu tafiya da abokai ina ganin ya fi komai. A cikinmu aljihu ba ɗaya ba ne. Akwai ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta mai jiran albashi. Kwana biyun farko, duk lokacin da aka kawo takardar kuɗin abinci a manyan wuraren nan sai in ga fuskar ɗayanmu ta canza, ga shi ba zai yi magana ba, ga shi ba ya son kullum a riƙa biya masa. Da muka koma cin abincin gari, kuɗin kaza ɗaya ta kanti ya ciyar da mu huɗu har da yaron. Muka haɗa kuɗi wuri guda muka ba malamin makarantar ya zama ma'aji, shi ke biya a ko'ina. Daga ranar dariyarsa ta dawo. Zumuncin shekara talatin ana iya raunata shi a kan tebur ɗaya ba tare da kowa ya yi nufi ba, kuma mai kuɗin ne ya kamata ya fara lura.

Daren ƙarshe muka shiga faluka, jirgin ruwan da iska ke turawa, muka yi magariba a kan Nilu. Daga nan yaron ya kai mu wani ƙaramin gidan abinci inda ake cusa wa tantabara ɗanyen alkama da aka gasa, a dafa a soya, a kawo da mulukiyya da shinkafa. Alhaji da kansa ya tashi ya leƙa madafa, ya sa yaron ya yi masa tafinta, yana tambayar tsohon da ke girkin me suke zuba wa lalonsu yake wannan ƙamshi. Tsohon ya nuna masa: tafarnuwa da wani kayan ƙamshi mai suna kuzbara ake dakawa, a soya a man shanu har su yi ja, a juye su da zafinsu a cikin miyar tana kan wuta. Alhaji ya sa shi ya maimaita, ya naɗi muryarsa a waya don ya kai wa Hajiya.

Makon jiya ya sake komawa sarin kaya. Ƙarfe bakwai na safe saƙon muryarsa ya shigo zaurenmu na WhatsApp, ana jin ƙarar motoci da bugun ludayi a bayansa. Yana tsaye gaban amalanken ful ɗin nan, ya ce mai ful ya gane shi har ya ƙara masa ɗa'amiyya biyu. Yana neman yaron ya turo masa kwatancen masallacin Ibn Ɗulun, don akwai wasu 'yan kasuwa uku daga Kwari da suka sauka otal ɗaya da shi, yana so ya kai su kafin la'asar.