Su a tafa musu, namu a yi musu bulala ashirin

Wani abokin aikina Bajamushe a wurin da muke lodin kaya, yaro ne mai kirki duk da zoben da ya maƙala a hanci, ya dame ni sai na raka shi kallon fim a unguwar Schanze nan Hambug. Ashe ba sinimar tikiti da gugguru ba ce, wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, bangon duk fenti da takardun zanga-zanga an manna wata kan wata, kujerun kuwa babu biyu masu kama da juna, daga gani a bakin titi aka tsinto su. Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa, gwangwani aka ajiye ka jefa abin da ya sawwaƙa. An dafa wake a wata ƙatuwar tukunya, ba nama ba kifi ba ko ɗigon man shanu don ba sa cin abin da ya fito daga jikin dabba, kowa ya ɗiba da kansa ya wanke kwanonsa. Kusan kowa baƙaƙen kaya, ga kare kwance ƙarƙashin benci, hayaƙin taba kuwa har ido na yaji. Su ne ake ce wa 'yan anakis, ba su yarda da gwamnati ba, ba sarki ba ɗan sanda ba ubangida a wurin aiki. Kuma sun daɗe a unguwar, akwai wani tsohon gidan wasa da ake kira Rote Flora da irinsu suka mamaye tun 1989 har yau ba a iya fitar da su ba.

Fim ɗin na wasu Amurkawa biyu ne da ake kira Yes Men, kuma gaskiya abin da suka yi ya burge ni. Kun san abin da ya faru a Bofal ta Indiya a Disambar 1984, iskar guba ta ɓalle daga masana'antar Union Carbide cikin dare ta kashe dubban mutane, a 1989 aka sasanta a kan dala miliyan 470, a 2001 kuma Dow Chemical ta sayi kamfanin ta ce ita babu ruwanta da tsohon alhaki. To su waɗannan shaiɗanun sai suka buɗe shafin intanet na bogi mai kama da na Dow, BBC ta faɗa tarko ta gayyace su hira ranar 3 ga Disambar 2004, cikar shekara 20. Ɗayansu ya tsuke da kwat da nakatayal, ya zauna gaban kyamara ba ko ƙifta ido ya ce Dow ta ɗauki alhakin komai, za ta sayar da Union Carbide ta kashe dala biliyan 12 wajen biyan diyya da gyara wurin. Cikin minti 23 darajar hannun jarin kamfanin ta zube da wajen dala biliyan 2, dole Dow ta fito da bakinta ta ce a'a ƙarya ne, ba za mu biya kowa ba. Abin da suke so kenan dama, kamfanin ya faɗa duniya ta ji. Ɗakin nan ya ɗauki tafi da shewa, ni ma na tafa.

Bayan an kunna fitila ne ake hira, wata matashiya da kwalbar giya a hannu da ta ji daga Najeriya nake sai ta ce min wai abin da ke ba ta tausayi da mu shi ne mun cika biyayya ga shugabanni, wai me ya sa ba ma irin wannan. Da murmushinta fa, ita a ganinta taimako na take. Wallahi waken nan tsaya min ya yi a wuya.

Ina so jama'a ku duba min, mutanen nan da suka yi wa kamfanin duniya wannan ta'asa me ya same su? BBC ce ta ba da haƙuri, su kuwa suka haɗa fim a 2009 suka shiga yawon bukukuwan fina-finai ana ba su kyauta. A Kano a Nuwambar 2022 samari biyu da suka yi barkwanci da gwamna Ganduje a TikTok kotun majistare ta yanke musu bulala ashirin-ashirin, tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Kafin su, zamanin Malam Rabo a hukumar tace fina-finai, an ɗaure Adam Zango a 2007, an ɗaure Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Dadiyata kuwa tun Agustan 2019 da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna har yau shiru, kuma rubutu kawai yake a soshiyal midiya. To waye jarumi a nan? Wanda ya san ko an kama shi akwai lauya kyauta, akwai inshorar lafiya, in aiki ya ƙare gwamnatin da yake zagi ce za ta biya masa haya, ko wanda ya san a bayansa za a sauke dorina amma ya danna ya tura?

Ba wai na ce nan aljanna ba ce, a 2021 a Hambug ɗin nan 'yan sanda sun dira gidan wani da sassafe saboda ya zagi kwamishinan cikin gida na birnin a Twitter, kuma wanda ya ga dukan da aka ci lokacin taron shugabannin manyan ƙasashe na G20 a 2017 ya san sandarsu ma tana da zafi. Kuma na yaba musu abu ɗaya, suna ajiye tarihin tsiyarsu, su ɗauka su tace su nuna wa na baya. Amma dai ko a fim ɗin mutanen Bofal da suka yi murnar 'yan sa'o'i kafin a ce musu wasa ne, su aka bari da gubar a ruwan shansu, masu kwat ɗin sun koma gida.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba maganar yarinyar ba ce, tunawa na yi muna da irin wannan labarin a cikin gida. A 1996 lokacin annobar sanƙarau Pfizer ta gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a Kano, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma aka ce sai an yi wa iyaye gwajin ƙwayar halitta na DNA an tabbatar 'ya'yansu ne kafin a biya su. Wannan tabon na cikin abin da ya sa mutane suka ƙi allurar foliyo a 2003. Labari kamar wannan a bakin ƙofarmu, amma Kannywood kullum kishiya da uwar miji da ɗan mai kuɗi ya ga 'yar talla. Ban ga laifinsu sosai ba, wa zai zuba jarinsa a fim ɗin da sai ya bi ta teburin hukumar tacewa.

Kuma wai mu za a koya wa shiga rigar babba a yi masa dariya? Mu da muka tashi muna tashe, goma ga azumi yaro ya maƙala gemun auduga ya cusa tsumma a ciki ya zama malam ko attajiri, ana ka yi rawa kai malam ka yi rawa a ƙofar gidan malamin kansa kuma ya fito ya ba da sadaka. Ga 'yan kama da ke juya wa'azi ya koma zancen tuwo, ga 'yan gambara da bakinsu ba linzami, ga Nalako da ke farautar gwauraye. Babu gwangwanin taimako babu taron tattaunawa bayan an gama, kuma har tsohuwa a cikin gida ta gane da wa ake. Yanzu shi ma tashen 'yan sandan Kano sun sha hana shi a shekarun nan da sunan tsaro, wai 'yan daba na fakewa da shi, maimakon a kama 'yan dabar sai aka kama al'adar.

Yarana biyu a nan aka haife su, sun san fatin Halowin na makaranta amma da na ce musu Jatau mai magani sai suka tsaya suna kallona. Bana ma a nan zan yi azumi. Don Allah duk wanda yara suka zo tashe layinsu ya ɗaukar min a waya ya turo, da muryoyinsu da gwangwanayensu yadda suke, ba wanda aka ɗora wa kiɗan TikTok a kai ba.