Akosombo na da ruwa da wuta, fatake ne ba a gayyata ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ho daga Accra ya san Atimpoku. Kafin trotro, wato motar haya, ta gama tsayawa a bakin gadar Adomi, mata sun yi mata zobe da tire a ka: abolo, wato dafaffen ƙullin masara, naɗe a ganye, jatan lande, da ƙananan kifin nan soyayyu da ake ƙullawa a leda. A miƙa kuɗi ta taga, a karɓi canji a guje, mota ta haye gada. Daga nan zuwa Akosombo tafiyar 'yan mintoci ce, amma yawancinmu ba mu taɓa ratsewa mun shiga ba, in ban da 'yan makaranta da ake kaiwa kallon madatsar ruwa. Sunan garin kuwa ba ya barin bakinmu a Nima da Mamobi da Sabon Zango, zangunanmu na Accra. Da an ɗauke wuta sai ka ji an ce ruwan Akosombo ya ja baya.

Abin da nake gani shi ne, garin nan an gina shi ne don ya yi wa wasu wurare hidima, kuma ya yi. Abin da ba a taɓa yi da gaske ba shi ne a ɗaura shi da fataucin da ke kai da komowa tsakanin arewa da bakin teku, wanda shi ne sana'ar mutanen zango tun kaka da kakanni.

Tunanin tare kogin Volta a wannan kwazazzabo ya girmi ƙasar Ghana kanta. Wani Bature masanin ma'adinai, Albert Kitson, ya kawo shi tun 1915. Kwame Nkrumah ne ya mayar da shi aiki: aka kafa VRA, hukumar kula da kogin Volta, a 1961, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, aka gama a 1965, aka yi bikin buɗewa a Janairun 1966. Wata guda bayan nan sojoji suka hamɓarar da Nkrumah. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya kai murabba'in kilomita 8,500, ya kuma tashi mutum kusan 80,000 daga ƙauyuka wajen 700, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Shi kansa garin Akosombo zana shi aka yi a takarda kafin a aza tubali, gidajen manya a kan tudu, na leburori a ƙasa.

A cikin garuruwan da ruwan ya ci har da tsohon Kete Krachi, kuma a nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro da malamai da yawa can suka koma, zangon Kete ya cika ya batse. A can Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934, kuma har yau malaman zangunanmu da dama suna jingina karatunsu gare shi. Wato kafin a san wata aba wai ita lantarki, kogin Volta hanya ce: gishirin Ada yana haurawa a kwale-kwale, goro yana wucewa ƙasar Hausa, shanu da tufafi suna gangarowa. Madatsar ta nutsar da wannan kasuwa, ta ba mu tafkin da ya fi tsohuwar hanyar faɗi da tsawo, sannan muka zuba masa ido.

Wutar kuwa, tun farko an san mai ita. Kuɗin ginin bai samu ba sai da aka tabbatar da babban mai saye, shi ne VALCO, masana'antar narkar da alminiyam da kamfanonin Amurka, Kaiser da Reynolds, suka kafa a Tema, ta fara aiki a 1967. Ta samu kaso mai tsoka na wutar a farashi mai rahusa na shekaru masu yawa. Burin Nkrumah shi ne a haƙo ma'adinin alminiyam na Ghana, a tace shi a nan, a narkar a nan. Ba a gina matatar ba. Aka ci gaba da fitar da ɗanyen ma'adini daga Awaso zuwa waje, ana shigo da tataccen daga waje zuwa Tema. Arewacin ƙasar da ruwan ke gangarowa ta cikinsa bai ga wayar Akosombo ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, alhali Togo da Benin sun fara saye tun farkon shekarun 1970.

Abin da ya ba garin kamannin birnin masana'antu shi ne masaƙa. A 1967 aka kafa Akosombo Textiles, wadda kowa ya sani da ATL, ƙarƙashin rukunin kamfanonin Cha na Hong Kong. Mai karatu a Najeriya zai gane gidan, domin su ne suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna, wani garin bakin kogi da masaƙu suka raya sannan suka bar shi da marayu a Kakuri. A Juapong, ƙetaren kogi, aka kafa wata masaƙar da ke saƙa farin yadi don masu buga zane. A ƙarshen shekarun 1970 masaƙun Ghana na ɗauke da ma'aikata wajen 25,000. Zuwa 2000 ba su wuce 5,000 ba. Juapong ta durƙushe a 2005, gwamnati ta sake buɗe ta da sunan Volta Star, ta ci gaba da ɗingishi.

Dalilin da aka fi faɗa shi ne atamfar China da ake satar zanen gida a buga, a shigo da ita ta Lome da ɓarauniyar hanya. Gaskiya ne, kuma ba sai an je nesa ba. A shiga Zongo Lane ta Accra ana saura mako biyu Sallah. Mai shago zai sauko da turmi biyu masu zane iri ɗaya, ya shimfiɗa su a kan benci, ya juya gefen kowanne ya nuna tambari. "Hajiya, wannan ta gida ce, wannan kuma ta waje. Ki taɓa ki ji." Hajiya ta murza, ta shinshina, ta san bambancin sarai. Sannan ta tuna 'ya'ya biyar ne za a yi wa ɗinki, ga ankon bikin 'yar ƙanwarta, ta ce a naɗe mata ta wajen. Ni ban ga laifinta ba. Masu cewa kishin ƙasa ne zai ceci masaƙa ba su taɓa haɗa lefe ba. Gwamnatin Kufuor ta fito da tsarin sa tufafin gida ranar Juma'a a 2004, ma'aikata suka karɓa hannu biyu, amma da yawan rigunan Juma'ar da atamfar waje aka ɗinka su. An kafa kwamitin kame, an ƙone kayan jabu a bainar jama'a, kasuwa ba ta ko girgiza ba.

Tambayar da ta fi amfani ita ce me ya sa ta gida ke da tsada. Masaƙa na zaune a gindin madatsar ruwa amma tana kukan kuɗin wuta. Audugar da ake nomawa a wajen Tumu da kewayen Tamale ta ja baya tun tuni, ga Burkina Faso da ke cikin manyan masu noman auduga a Afirka tana maƙwabtaka da mu, amma audugarta ta ratsa ƙasar nan a bayan tirela zuwa tashar Tema, ta tafi Asiya, ta dawo mana a matsayin turmi. Kamar mai rijiya a tsakar gida ne yana sayen ruwan garwa.

Ga tafki kuwa shimfiɗe daga Akosombo har Buipe a arewa, tafiyar kilomita sama da 400. Akwai kamfanin sufurin tafkin tun 1970, yana kai mai da siminti arewa, jirgin Yapei Queen kuma ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin Akosombo da Yeji da fasinja da doya. Amma tambayi dillalan shanu a Tulaku ta Ashaiman, ko masu albasar da aka kwashe daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, ko nawa cikinsu suka taɓa ɗora kaya a ruwa. Duk a titin Tamale zuwa Kumasi zuwa Accra ake tafiya, a biya kuɗin mai, a biya na shingaye, a yi asarar abin da ya ruɓe ko ya mutu a hanya.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. Jirgin ruwa ba ya sauri, albasa da tumatir ba sa jira. Ba a sare itatuwa ba kafin ruwa ya taru, kututturansu na nan a ƙarƙashi suna fasa kwale-kwale, an yi asarar rayuka ba sau ɗaya ba. Idan rani ya tsananta, duwatsun Debre kan hana manyan jirage kaiwa Buipe. Duk haka ne. Sai dai auduga ba ta ruɓewa, haka masara da waken suya da ƙwaryar kaɗanya da busasshen kifi, doya ma tana jure kwanaki. Cire kututture a layin jirgi da fasa dutse aiki ne na injiniya, bai kai rabin wahalar tare kogi ba. Ɗan kasuwa ba sauri kaɗai yake nema ba, tabbas yake nema: ya san jirgi na tashi ran Talata ko ana ha-maza-ha-mata, ya san wanda zai riƙe idan buhu ya ɓata, ya san akwai rumbu a tasha. Da zarar ya ga riba, ba sai an yi masa wa'azi ba. Mutanen da kakanninsu suka kai goro Kano da jakuna ba za su ji tsoron kwana biyu a kan ruwa ba.

Yanzu ga layin dogo daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin, kilomita 97, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2024. Manufarsa ita ce kaya su sauka daga jirgin ƙasa su hau na ruwa. Idan aka bar shi a hannun jami'ai da 'yan kwangila kaɗai, zai bi sahun matatar alminiyam da aka yi ta alkawari. Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin masu shanu da hatsi da doya su ne ya kamata su nemi kujera tun yanzu, su faɗi irin kayan da suke ɗauka, da lokacin kaka, da kuɗin da za su iya biya kan buhu, kafin a tsara jadawali da farashin da ba zai yi wa kowa amfani ba.

Su kuma mutanen bakin kogin suna bin ƙasar nan bashi. A Satumban 2023 da tafkin ya cika aka buɗe ƙofofin madatsar, ruwa ya mamaye Mepe da garuruwan Tongu da ke ƙasan madatsar, dubban iyalai suka kwana a azuzuwan makaranta. A yau fiye da rabin wutar Ghana daga injinan gas da mai take fitowa, megawat 1,020 na Akosombo ba shi ne komai ba kamar da. Idan darajar wutar na raguwa, haɗarin ruwan kuma yana nan, to dole a samo wa mazauna wurin wani abin da kogin zai riƙa kawo musu, kuma tashar kaya mai rai da masaƙa mai samun auduga a kusa su ne mafi sauƙin kamawa.