Ranar da aka soke rabin CV ɗina da jan biro

Ana saura wata biyu in gama digiri na biyu a nan arewacin Ingila, na ɗauki CV ɗina na kai ofishin da ke ba ɗalibai shawara kan neman aiki. Ɗaki ne mai bangon gilashi a ƙasan laburare, ga kujeru masu laushi, ga tukwanen fure. Ta intanet ake kama layi, minti ashirin cif, ba a ƙara maka ko ɗaya. Shafi huɗu na miƙa wa matar, irin wanda muka saba bugawa a shagon kwamfuta na bakin jami'a. Ta yi murmushi, ta zaro jan biro.

Hoto ta fara sokewa. Sai ranar haihuwa, addini, aure, jiha, ƙaramar hukuma, har firamaren da na yi. Ta ce dokar daidaito ta 2010 ta hana mai ɗaukar aiki fifita wani saboda shekaru ko addini ko launin fata, don haka ba ya ma son ganin waɗannan. Kada a wuce shafi biyu. A manyan kamfanoni kuma sau da yawa manhaja ce ke fara tacewa, tana laluben kalmomin da ke cikin tallar aikin, shi ya sa kowane aiki da CV ɗinsa.

Da ta iso kan bautar ƙasa, layi ɗaya ta tarar. Ta ce, "Me ka yi a shekarar?" Na ce lissafi na koyar a wani ƙauye a Binuwai, aji uku, kowanne ya haura yara sittin, na kuma buɗe musu darasin yamma kafin WAEC. Ta ce in rubuta shi haka, da alƙaluman, kowane layi ya fara da abin da ni na aikata. Har riƙe littafin bashi a shagon Baba a Kantin Kwari ta ce gogewa ce. Wallahi kunya ta rufe ni. Mu da aka rena da cewa yabon kai jahilci ne, yau an ce in zauna in yi wa kaina kirari.

Ban ce ba ta da gaskiya ba. Duk wanda ya gama jami'a bana, ya daina cika takarda da "ni mai ƙwazo ne", ya faɗi abin da hannunsa ya yi da yawansa. Wannan kam na karɓa.

Amma raina yana ɓaci in na ji 'yan uwanmu a nan suna cewa CV ɗinmu na gida ƙauyanci ne. Da ƙanwata ta turo nata daga Kano na ce ta cire jiha, cewa ta yi, "Haba Yaya, in na cire wa zai duba?" Ita ce da gaskiya. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce aikin gwamnatin tarayya sai ya game sassan ƙasa, da hukuma guda mai sa ido a kai. Ba don ado muke rubuta ƙaramar hukuma ba.

Su kuma da suka soke komai, ai sunana yana nan a saman takardar. Wani bincike na jami'ar Oxford a 2019 ya gano cewa 'yan tsirarun ƙabilu a Birtaniya sai sun aika takardun neman aiki da suka ɗara na fararen fata da kashi 60 cikin 100 kafin su samu amsa mai daɗi daidai da tasu. Alfarma cuta ce a gida, na sani, ta ci mutanen kirki da yawa. Sai dai a can, ko ba a ɗauke ka ba, mutum ne ya kalle ka.

Aikina na farko a Kano, shugaban makarantar ko buɗe fayil ɗin bai yi ba. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, na faɗa, ya ce da shi da Baba allo ɗaya suka wanke a gaban malam guda, ya tambayi lafiyar Hajiya. A nan na aika takarda ta fi saba'in, amsar takan shigo ƙarfe biyun dare, babu sunan kowa a ƙasanta. Na gyara wa ƙanwata nata, na zuba mata alƙaluma, na mai da shi shafi biyu. Jihar da ƙaramar hukumar na bar mata su a inda suke.