Lasifikar falo: mai amfilifaya a cikinta, ko wadda ake haɗa mata daga waje?

Ƙanena da ya tare a sabon gida ya kira ni jiya da daddare: "Yaya, wacce zan saya ta falo, aktif ko fasif?" Na ba shi amsa a gurguje, amma da na kwanta sai na ga maganar ta wuce ta minti biyar a waya, shi ya sa na kawo ta nan.

Fasif ita ce lasifikar da muka taso muka gani a ɗakunan iyayenmu: akwati biyu na katako, waya ta fito daga bayansu ta tafi wurin amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ba a jona ta da wuta. A cikinta akwai ɗan fanel mai kafasita da naɗin wayar tagulla, wanda ake kira kurosoba, shi ke raba sauti, ya tura mai kauri zuwa wufa, wato babbar lasifikar cikin akwatin, siriri kuma zuwa tuwita, wato ƙaramar. Aktif kuwa da amfilifayarta a ciki take zuwa. A ta ainihin, ana raba sautin tun yana ƙaramin sigina kafin a ƙara masa ƙarfi, sannan wufa da tuwita kowacce ta samu amfilifayarta daban. Na ce ta ainihin ne saboda da yawa daga masu arahar da ke kasuwa amfilifaya guda kawai aka cusa a akwati ɗaya, aka ja waya zuwa ɗayan. Ba laifi ba ne, amma mutum ya san abin da yake saya.

Gaskiya ɗaya ce, ta fuskar injiniyanci aktif ta fi. Wanda ya ƙera wufar shi ya zaɓa mata amfilifayar da ta dace da ita, ya sa mata kariya don kada a ƙure ta ta ƙone, kuma ƙarfin da kurosoba na fasif ke cinyewa ya zama zafi, a nan ba ya salwanta. Shi ya sa ta mamaye situdiyo. Kamfanin Genelec na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1978, da aktif ya fara, kuma gidan rediyo da talabijin na ƙasar ya fara yi wa. Hatta KEF na Ingila, da ya fitar da LS50 fasif a 2012 ta yi suna ƙwarai, sai da ya biyo ta da samfurin aktif a 2016. Ranar da na fara jin kukuma ta cikin aktif mai kyau, sai da na ji gogar tsirkiyar nan kamar mai kiɗan yana zaune a gefena.

Duk da haka na ce wa ƙanena ya sayi fasif. Dalilina wuta ne da gyara.

Na taɓa mallakar aktif, kuma ina son ta sosai. Wata rana da damina aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, akwatin hagu ya mutu nan take. Na kai wa mai gyara, mutumin da na sani shekaru, ya buɗe ya daɗe yana kallo, ya ce: "Alhaji, wufarka lafiya lau, tuwita ma haka. Fanel ne ya tafi, kuma wannan ƙwaƙwalwar tasu ba a samun ta sai a wurin kamfanin." Wata biyar ina nema. Ta dama tana nan garau amma ba ta da abokiyar tafiya, ga lasifika lafiyayyiya a cikin akwati ba halin amfani da ita. Abin ya yi mini ciwo har yau.

Da fasif ce, amfilifaya kawai zai ƙone. In tsohon samfuri ne mai taransisto, masu gyara a Sabon Gari sun san cikinsa kamar yunwar cikinsu. In ya ƙi gyaruwa, ka ɗauko wani ka jona, da yamma kana jin kiɗanka. Akwatunan kuwa suna iya kai ka shekara talatin, iyaka robar bakin wufa ta ruɓe a sake ta. Ƙaramar lasifikar nan LS3/5a da injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970, har gobe akwai masu amfani da tsofaffinta, amfilifaya kawai suke sauyawa. Aktif ta zamani mai Bluetooth da manhaja a waya, ranar da kamfani ya daina sabunta manhajar, rabin abin da ka biya wa kuɗi ya tashi aiki.

Ga kuma zafinmu. Watan Afrilu a Kano, na'ura a rufe cikin akwati tana ɗumi tana shan girgizar wufa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta a kai. Amfilifaya na waje kana iya ɗora shi inda iska ke bugawa, ka buɗe ka hure, ka ba shi sitabilaiza guda. Aktif da yawa kowane akwati soket ɗinsa yake buƙata.

Wahalar fasif ita ce haɗawa, kuma nan ake cutar mutane. Duba bayan akwatin, za ka ga om 4, 6 ko 8, wato ma'aunin yadda lasifikar ke tare wutar da ke shigarta. Ka tabbata amfilifayarka ya yarda da wannan adadin, don mai om 4 ta fi jan wuta, tana iya gasa ƙaramin amfilifaya. Sai desibel, adadin da ke nuna ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya: duk ragin desibel 3 sai ka ninka wat kafin ka samu ƙarar da ta yi daidai, wato mai 87 tana buƙatar ninkin ƙarfin mai 90. Kada wat 5,000 na PMPO, adadin talla da aka rangaɗa a kwali, ya ruɗe ka, adadin RMS za ka nema, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Abin da da yawa ba su sani ba, ƙaramin amfilifaya da aka ƙure har sauti ya fara tsagewa ya fi saurin kashe tuwita fiye da babba da ake kunnawa a hankali.

Akwai wanda zan ce ya sayi aktif ba tare da ɗar ba: mai sola da inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, ko mai ɗan ɗaki da tebur ɗin kwamfuta, ko mai haɗa sauti da ke son jin ainihin abin da ya ɗauka. Ƙanena ba ya cikinsu, layinsu wuta sai ta ga dama, janareta ne rabin rayuwarsu. Mun yi da shi ranar Asabar za mu shiga kasuwa da faifan da kunnensa ya saba da shi, mu fara da akwatuna masu om 8, ragowar kuɗin a raba tsakanin amfilifaya da sitabilaiza.