Zuwa ga mai gyara wa jama'a Turanci

Akwai wani bawan Allah a dandalin nan da ya mayar da gyaran Turancin mutane sana'a, wanda ko waƙafi ka manta sai ya ɗauki hoton rubutunka ya baza, mabiyansa suna yi masa tafi. Shi ne a makon nan ya zubo doguwar maƙala kan tsadar rayuwa, ya rubuta cewa janye tallafin man fetur "has exasperated poverty", kuma ya maimaita kalmar a wani sakin layin, abin da ya nuna ba tuntuɓen yatsa ba ne.

Tun da gwano ba ya jin warin jikinsa, bari a taimaka masa. Aikatau ɗin "exasperate" ma'anarsa a ƙular da mutum har haƙurinsa ya ƙare, musamman da abin da ake ta maimaita masa alhali ba shi da yadda zai yi. Ya fi "irritate" da "annoy" zafi, domin waɗannan ba da haushi ne kawai, amma bai kai "infuriate" ba, wanda shi harzuƙa ce tsagwaronta. A cikinsa akwai gajiya da ƙosawa, irin ta malamin da ya bayyana darasi ya sake bayyanawa, ɗalibi kuma ya tashi ya yi tambayar farko. Asalinsa daga Latin ne, daga "asper", wato abu mai kaushi, kuma ya shiga Turanci tun ƙarni na 16. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a Turancin yau wanda aikin yake faɗa wa dole ya kasance mai zuciyar da za a ɓata. Ana cewa "the delay exasperated the passengers", ko a ce mutum yana "exasperated with" wani, ko ya yi magana "in exasperation". Talauci ba shi da zuciya, saboda haka babu mai ƙular da shi.

Kalmar da gwanin namu yake lalube ita ce "exacerbate", daga "acerbus" na Latin, mai nufin ɗaci ko tsanani, kuma ita ce ake yi wa ciwo, rikici ko matsala idan an ta'azzara su. Kamar da ke tsakanin sautinsu takan ruɗi har Turawan kansu, kuma da wani ne ya yi kuskuren da ba wanda zai ɗaga kai. Amma mai karɓar kuɗin yaran mutane da sunan shirya su jarrabawar WAEC da JAMB, inda irin waɗannan tagwayen kalmomi suke kayar da ɗalibai, ba shi da wannan uzurin.

Na san zai garzaya ƙamus neman mafaka, kuma zai tarar cewa a da can "exasperate" ya taɓa ɗaukar ma'anar tsananta ciwo ko matsala. Gaskiya ne, sai dai ya daure ya karanta ɗan gajeren rubutun da ƙamusun Merriam-Webster ya ajiye a gefen wannan ma'anar, inda aka nuna an daina amfani da ita. Idan kuma Turancin ƙarnonin baya yake koyarwa, ya kamata ya sanar da iyayen yaran kafin su biya kuɗin wata mai zuwa, ya kuma mayar da sharhin ɗalibar da ta fara nuna masa kuskuren, wanda ya goge kafin gari ya waye.